Haƙorin da muka tankaɗo a kwarin Gidigir

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba zan manta da ranar da komandan jandarmomin Gure ya aiko a ɗauko ni daga Damagaram ba. Ina ma'aikacin ofishin adana kayan tarihi a lokacin, irin aikin da ku yaran nan kuke yi yanzu kuna zaune ƙarƙashin fanka. A wani kwari kusa da Gidigir iska ta kwashe tudun rairayi, sai ga ƙasusuwan mutum a fili.

A ƙauyen akwai wani Kyari da ya ɓace wajen shekara goma. Sun tafi fataucin kanwa da abokinsa Mamadu, Mamadu ya dawo shi kaɗai, ya ce a kasuwa suka rabu. Tun daga nan ba a ƙara cin tuwo da shi da zuciya ɗaya ba. Da ƙasusuwa suka bayyana, kowa ya ce ga Kyari. Ko da muka isa, Mamadu yana bayan motar jandarmomi, jini na zuba daga goshinsa, dangin Kyari sun kewaye motar da sanduna.

Na durƙusa na duba. Mutumin yana kwance a naɗe, gwiwoyi a ƙirji, ba ya fuskantar alƙibla, ga fasassun tukwane kusa da kansa. Haka mutanen da can can suke binne nasu. Na faɗi haka a fili, kuma da na sani na kama bakina. Wan Kyari ya taso mini.

"A naɗe ka ce, Malam? Ai haka mai kisa yake cusa mutum a ƙaramin rami!"

Komanda ya ja ni gefe, ya ce, "Isufu, za ka iya rantsewa ba shi ba ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, da ido ba zan rantse ba. Amma akwai awon da zai faɗa."

Ku da kuka yi lakwal, wato karatun boko, kun san shi, amma ga yadda na yi musu bayani. Duk mai rai yana ɗaukar wani sinadari, karbon 14, ta hanyar abin da yake ci. Ranar da ya mutu ɗauka ta tsaya, abin da ke jikinsa ya shiga raguwa da kansa, kamar ruwa a randa mai tsiyaya. Duk bayan shekara dubu biyar da ɗari bakwai, rabin abin da ya rage yake tafiya. In aka auna saura, an san yaushe mutum ya daina cin abinci. Abin da nake bukata ɗan guntun ƙashi ne, a aika laboratwar, wato ɗakin gwaji, a ƙasar waje.

Nan liman ya ce sam. Ba a karya ƙashin mamaci, kuma za a suturta shi kafin rana ta faɗi. An riga an kawo likkafani. Raina ya ɓaci, wallahi, don na san in aka rufe shi haka, Mamadu ya zama mai kisa har abada, ko kotu ta sake shi gari ba zai sake shi ba. Amma liman bai faɗi ƙarya ba, ni ma ba zan so a sa wa ubana zarto ba. Sai na lura haƙori ɗaya babu a muƙamuƙi, gurbinsa a buɗe. Na ce, "Allah gafarta Malam, in ya faɗi da kansa fa, ba mu muka cire ba?" Ya ce sai in uwar Kyari ta yarda.

Ya Falmata, mahaifiyar Kyari, tana zaune gindin goriba. Na durƙusa gabanta.

Ta ce, "Awon naka zai ce ɗana ne?"

Na ce, "Iya, zai faɗi lokacin da mai haƙorin ya rasu. Iyakarsa ke nan."

Ta aika gida aka kawo rariyarta ta tankaɗen gari. Da ita muka yi ta tankaɗe rairayin, rana na sauka, masu sanduna na matsowa, wan Kyari yana cewa ɓata lokaci ne. An fara shimfiɗa likkafani ke nan haƙorin ya tsaya cikin rariya. Na ɗauke shi da hantsaki na naɗe a takardar alminiyom, don ko maiƙon hannu yana iya ɓata awo. Komanda ya buga hatimi. Aka binne ƙasusuwan a maƙabartar ƙauye da sunan Kyari, aka wuce da Mamadu gidan kaso.

Watanni aka yi. Matar Mamadu takan zo ofis ta zauna bakin ƙofa, ba ta tambaya, kallona kawai take yi. Har na koma shiga ta ƙofar baya. Da sakamako ya iso, mai haƙorin ya rasu sama da shekara dubu huɗu da suka wuce. Alƙali ya saki Mamadu, ni kuwa na ji kamar an sauke mini buhun kanwa daga ka.

Da murnata na tafi ƙauyen, kun ji wauta. Na tarar an kewaye kabarin da sabuwar ƙaya. Aka ce Ya Falmata ta yi sadaka, ta fara cin abinci sosai, har barci take yi, abin da ta shekara goma ba ta samu ba. Na zauna gabanta na yi bayani a hankali. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "To, Malam, nawa yana ina?"

Awon da ya fid da Mamadu shi ya sake ɓatar mata da ɗa, kuma da rariyarta aka yi. Da zan tashi na ce ko a cire ƙayar. Ta ce a bari, wannan ma wata ce ta haife shi.

Don haka nake yi muku faɗa in na ga kuna cika baki da lambobi. Awon ba ya son kowa, ba ya ƙin kowa, kuma ba a sassauta shi don tausayi. Amma kowane sakamako gidan wani zai shiga. Kada ku aika da shi, ku kai da ƙafarku, ku zauna a ƙasa, ku jira tambayar da za a yi muku. Ya Falmata ta rasu ba ta ji labarin Kyari ba, kuma har yau ni ma ban ji ba.