Alkukin Awwalu Banna

Surukina, wanda 'yan unguwa ke kira Awwalu Banna, wato magini, bai sake taɓa dutse ba tun da aka rushe unguwarsu ta kan tsauni a bayan Misfala, nan Makka, muka koma bene a unguwar Shisha. Gidan da aka haife shi, ko hotonsa babu. Ga yanar ido ta kama shi, kullum gani raguwa yake.

'Yata Nuha ce ta jawo mana. Karatun zanen gine-gine take, sai ta nuna masa Machu Picchu a waya, garin da mutanen Inka suka ɗora a kan tsauni cikin gajimare a ƙasar Peru, shekara fiye da ɗari biyar. An sassaƙa duwatsu an jera ba siminti, ko allura ba ta samun hanya tsakaninsu. Gonaki hawa-hawa, matakala, magudanan ruwa. Masu garin sun watse, garin yana nan tsaye.

Tsoho ya kai wayar har hancinsa. Tambayarsa ta farko, ina alƙiblarsu. Da aka ce rana suke bauta wa ya yi istigfari, amma bai saki wayar ba. Ya hango wasu ramuka a bango, ƙasa da faɗi, sama a tsuke.

"Alkuki ne," in ji shi.

Nuha, wadda Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa ba, ta ce da Larabci, "Esh alkuki, ya Jaddi?" Wato mene ne alkuki, Kakana.

Tambayar ta yi masa ciwo, ni ma ta yi mini. Ya ce nan mahaifiyarsa ke ajiye fitila, a gidan da ubansa ya gina bayan ya zo hajji da ƙafa.

Daga ranar, da an yi la'asar sai ya zauna a taga ya lumshe ido, ya hau matakalar Inka ya ɓullo a zauren ubansa. Ya cakuɗa garuruwan biyu har gajimare ya sauko Misfala. Ni dai na ce tsufa ya zo da rigima. Nuha kuwa tana gefensa da fensir, yana faɗa tana zanawa, ƙofa nan, randa can.

Kafin ta gama, idon ya tafi. Ya shafa takardar. Ta kama yatsansa ta ɗora a wani wuri.

"Ga alkuki, Jaddi. Na sa fitilar."

Ya daɗe bai ɗauke yatsan ba.