Kusurwar da Zelig Ba Ya Shafa wa Fenti

A shekarar 1949 Wannes ya fara ganin Zelig Brandes, ranar da Zelig ya shigo shagon Wannes na haɗa firam ɗin hotuna a birnin Antwerp, rungume da wani zanen fenti a cikin tsohuwar jarida. Siriri ne, kwat ta yi masa yawa. Bayahude ne daga Poland, kuma duk gidansu shi kaɗai ya fito da rai daga sansanin 'yan Nazi.

Wannes ya buɗe zanen, ya juya shi nan, ya juya shi can. Babu mutum, babu gida, babu ko bishiya, sai shuɗi da ruwan toka da wani jan layi da ya tsaga tsakiya.

"Ina samansa, ina ƙasansa?" in ji Wannes.

"Kai dai yanka katakonka, kafinta. Wa ya ce sai ka gane?"

"To, me ya hana ka zana mutane kamar kowa?"

"Fuskokin da na sani ba sa tsayawa a zana su."

Daga nan suka shaƙu. Kullum da hantsi Zelig kan zo su sha kofi a kan teburin aiki, da burodi da kifi mai gishiri, suna gardama a kan 'yan tseren keke. Wannes bai taɓa wani zama da ya kai wannan daɗi ba.

A kowane zane Zelig yakan bar wata 'yar kusurwa fara fat, ba fenti. Wannes ya ɗauka ganda ce. Da aka gayyaci Zelig ya baje kolin zanensa karo na farko, Wannes ya ji tsoron kada masu kallo su yi wa abokinsa dariya. Sai ya haɗa launi da kyau, ya cike kusurwar babban zanen kafin ya sa masa firam.

Zelig ya daɗe yana kallo.

"A gidan mahaifina akwai wurin da ba a shafe ba a bango, daura da ƙofa," ya ce. "Haka muke yi, don tunawa da Haikalin da aka rushe a Urushalima. Ni yanzu ba ni da bango."

Ya ɗauki zanen ya fita. Wannes ya bi shi gida don ya ba da haƙuri, ba a buɗe ba. Shekaru suka yi ta wucewa. In sun haɗu a titi, Zelig kan taɓa hularsa ya wuce, Wannes ya tsaya yana bin bayansa da kallo.

Ranar da aka binne Lieve, matar Wannes, bayan dangi sun watse, sai ga Zelig a bakin ƙofa, kansa ya yi furfura, riƙe da wata 'yar gajeriyar kujera. Ya ajiye ta a falo ya zauna.

"Zelig, mu Katolika ba ma irin wannan zaman makokin naku."

"Na sani, kafinta. Amma lokacin da aka tabbatar mini ƙanwata ta mutu, wa ya rufe shagonsa mako guda, ya zauna a ƙasa tare da ni, bai san ko kalma ɗaya ta addu'ar ba?"

Wannes ya ma manta da wannan.

Zelig ya dawo washegari, ya yi ta dawowa har mako ya cika. Ranar ƙarshe ya kama hannun Wannes ya tashe shi tsaye, suka fita a hankali suka zaga unguwa, kamar yadda mutanensa suke fitar da mai makoki.