Gwaggo da Akun Marigayi

Gwaggona, ƙanwar babana, ba likita ba ce, ko da yake duk layinmu Likita ake ce mata. Mataimakiyar likitan dabbobi ce. Ita ke danne kare a yi masa allura, ita ke aske wurin da za a yi aiki, ta dafa almakashi da allurar ɗinki, ta wanke keji. In an ce mata Likita sai ta ce, "Ku rufa mini asiri, ni mai riƙe ƙafa ce."

A ɗakin gwaje-gwaje ta fara, tana kula da zomaye da fararen ɓeraye. Babana ya sha yi mata tsiya. "Kowa na neman yadda zai kashe ɓera a gidansa, ke kuma kin zama uwar ɗakinsa." Takan yi dariya ta ce, "Yaya, nawa ɓerayen sun fi naka tsafta." Kullum da safe tana canza musu garin katako, ta cika kwalaben ruwa, ta ɗora su a sikeli, ta duba ko ɗakin ya yi zafi. An hana su sa wa dabbobin suna don kada a shaƙu. Ta kiyaye dokar, amma ta san kowane zomo da yadda yake karkata kunne. Da shekaru suka ja sai ta nemi a mayar da ita asibitin dabbobi. Ta ce tana so ta yi jinyar abin da zai warke ya koma gida.

Asibitin ƙarami ne: benci a baranda, teburin ƙarfe a ɗakin likita, sai ɗakin baya mai kejuna da famfo da taga ɗaya. Hannuwan Gwaggo duk tabo ne, kuma ta san mai kowanne. Ta ce karnuka ba su cika yi mata rauni ba, kyanwa ce ba ta da amana.

Wata safiya wata dattijuwa ta shigo da keji lulluɓe da tawul. Aku ne a ciki, ya fige gashin ƙirjinsa har fata ta fito. Na mijinta ne, tsohon direba, wanda bai daɗe da rasuwa ba. Likita ya duba shi tsaf, bai ga ƙwari ba, bai ga cuta ba.

"Mama, kewa ce ke damunsa," in ji likita.

"To ku riƙe shi," ta ce. "Ni ba zan iya ba. Tarin marigayi yake yi, da muryarsa yake kirana. Ina jinsa sai in kasa cin abinci, shi ma ya daina ci."

Likita ya kalli Gwaggo. Ita kuwa ta riga ta ɗauki kejin.

Kusa da famfo ta rataye shi, inda take wuni tana wanke-wanke. Tana aiki tana ba shi labarin duk wanda ya shigo. Ta miƙa masa gyaɗa, ya cije ta a yatsa. Ta ɗaure yatsan ta sake miƙawa. Takan fesa masa ruwa da hantsi, ta saka masa guntun itace don ya samu abin ɓantara ya bar gashinsa. Da farko ko kallonta ba ya yi. Sannu a hankali ya fara karɓar gwanda daga hannunta, ƙananan gashi suka soma tsirowa.

Ran nan tana wanke-wanke sai ta ji tarin namiji a bayanta, aka ce, "Maman yara, ina shayina?" Ta juya da sauri tana gyara ɗankwali. Ba kowa sai aku. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya koyi haushin karnukan da ke kwance a ɗakin, ya koyi ƙarar wayar likita, har likita ya riƙa laluben aljihu a banza.

Bayan 'yan makonni dattijuwar ta dawo. Ta ce kasuwa za ta, hanya ce ta biyo da ita. A bakin ƙofa ta tsaya. Gwaggo ta jawo mata kujera, ta ajiye mata auduga a cinya.

"Mama, taya ni naɗe wannan, aiki ya yi mini yawa."

Ta zauna tana naɗawa, tana satar kallon kejin. Aku ya juya mata baya. Haka ta zo sau da dama, kullum kasuwa za ta, kuma ba a taɓa ganinta da kaya ba. Sai wata rana akun ya yi tarin nan, ya tambayi shayinsa. Matar ta sa auduga ta share ido, can kuma sai dariya ta ƙwace mata.

"Ko da yana raye haka yake," ta ce. "Ba gaisuwa, sai shayi."

Gwaggo ta ɗora ruwa ta haɗa musu, suka sha su biyu. Ranar matar ta yi ta ba ta labarin mijin har aka tashi aiki.

Da ƙirjin akun ya rufe, ita da kanta ta ce za ta tafi da shi. Gwaggo ta riƙe mata kejin har bakin titi, tana ce mata ta rataye shi inda zai ga mutane, ta nisanta shi da hayaƙin girki. Har yanzu matar na leƙowa. Ƙorafinta ɗaya, maƙwabta sun ɗauka kare ta ajiye.

Yanzu gwiwa ta fara damun Gwaggo, manyan karnuka sai dai ta nuna wa sababbin ma'aikata inda za su kama. Ɗanta ya matsa mata ta ajiye aikin ta huta. Da na tambaye ta makon jiya, ta ce ta amince, amma akwai wata akuya da aka yi wa ɗinki a ciki, sai an cire mata zare tukuna.