Rakiya zuwa tashar Metro

Lokacin da nake zaune a Silver Spring, kusa da Washington, akwai wani dattijo ɗan China a hawa na shida, ni ina na huɗu. A ɗakin wanki muka saba. Na taɓa fatauci zuwa Guangzhou, amma Sinancin da na tsinto bai wuce "ya yi tsada" da "rage mini" ba. Da na gwada masa, dariya ya yi har da dafa injin wanki. Tun ranar na zama malaminsa na Turanci, ni da sai na maimaita magana sau biyu Bature yake gane ni. Har "Malam" na koya masa ya riƙa kirana.

Wata Asabar ya sauko da ƙamusinsa, fuska ba walwala. Ashe jikarsa ce damuwar. Tana jami'a a Washington, ba a China aka haife ta ba, Sinanci sai dai ta ji, ba ta mayarwa. Duk Lahadi yakan hau jirgin ƙasa na Metro ya kai mata abinci. In ya tashi tafiya, tana kan kujera da kwamfuta a cinya za ta ɗaga masa hannu, shi ke nan. Shi kuwa a garinsu ba a barin babba ya fita shi kaɗai. Yana son ya ce ta raka shi, ba da faɗa ba, ba kuma da roƙo ba.

Sai na tuna mahaifina a Kano. In ya raka baƙo daga zaure sai bakin titi, nan ma su tsaya, abincinsa na hucewa a gida, inna tana mita. Hirar gaske duk a hanya ake yin ta.

Dattijo ya nuna mini abin da ƙamus ya ba shi: escort. Na ce a'a Baba, wannan ai ta gwamna ce, da 'yan sanda da jiniya, yarinya za ta zaci ciwo ne ya kama ka. Na rubuta masa walk me out, wato "ɗan taka mini". Na ce ya faɗe ta yana sa takalmi, kamar bai damu ba. Muka yi ta gwaji, ni ne jikar, na harɗe a kujera ina latsa waya. Ya ce ban yi kama da ita ba ko kaɗan, ita tana da gashi.

Ranar Lahadi da la'asar ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ko hula bai cire ba. Ta raka shi, da silifas ɗinta, har tasha. A hanya ta gaya masa karatun likitan da take yi ba ta son sa, maganar da ko uwarta ba ta sani ba. Rabi ya gane, rabi ya gyaɗa kai.

Ya miƙo mini biro. "Malam, yaya ake cewa mu rage sauri? Tashar ta yi kusa da yawa."