Ranar da Na Leƙa Rumbun Baba

Ni ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa. In muryata ta karye a bari in huce, domin maigidana bai daɗe da rasuwa ba, kuma ba na ɓoye kukana don kowa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Lokacin yaƙin basasa muna zaune a wani ƙauye a ƙasar Tudun Wada, tun ba a tare ruwan Tiga ba. Mu ba mu taɓa jin ƙarar bindiga ba. Abin da muka gani shi ne motocin soja suna wucewa kudu, gishiri ya yi wuya, kananzir ya ɓace har muka koma kunna aci-balbal da man gyaɗa. Sai kuma samari suka yi ta raguwa a gari. Maigidana yana cikin waɗanda suka shiga soja. Ya dawo daga baya da kunne ɗaya a toshe, muka yi doguwar rayuwa tare, amma a lokacin ba wanda ya san zai dawo. Gidan ya rage daga ni da goyona sai iyayensa, Baba da Inna.

A garinmu mace ba ta leƙa rumbu. Namiji ne yake hawa, ya sauko da dami, ya miƙa a sussuka. Cewa ake in mace ta ga gindin rumbu albarka za ta gudu. Ko maƙwabci ba a bari ya leƙa, domin abin da ke cikin rumbun mutum sirrinsa ne. Kowace shekara maigidana ne yake sabunta jinkar da ke rufe bakin namu kafin ruwa ya sauka. A wannan shekarar Baba ya ɗan toshe ta shi kaɗai, ya ce za ta kai. Damina na tsakiya kurkunu ya fito masa a ƙafa, ya kwantar da shi. Kafin ya kwanta ya sauko mana da 'yan dammuna a zaure, ya ce kafin su ƙare ya warke.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, na je shara gefen rumbun, sai na ji tsami, irin na ƙullun da ya kwana. Na kara hancina a bango. Daga ciki yake fitowa. Dawar da ke ciki ita ce abincinmu har kaka, ba mu da wata.

Na faɗa wa Inna, tunda suruka ba ta tunkarar surukinta kai tsaye. Inna ta je ta sunsuna, ta dawo tana salati. Ta shiga ɗakin Baba, ina tsugune a bakin ƙofa.

"Malam, ruwa ya shiga rumbu."

"Wa ya ce?"

"Yarinyar nan ta ji wari, ni ma na ji."

"Ku da hancinku kamar na awaki," in ji Baba. "Ku bari in miƙe."

"Ka miƙe da wace ƙafar? Jiya har tabarma sai da na ja maka. To a kira maƙwabcinmu ya hau."

"Ya hau ya ga me? Gobe a ji a kasuwa?"

Nan na yi abin da ban taɓa yi ba, na yi magana da kaina. Na ce, "Baba, a gafarce ni. Ni zan hau."

Baba ya dubo bakin ƙofa. Can ya ce, "Ɗiyata, kin san abin da ake faɗa?"

Na ce, "Na sani, Baba. Amma in ta ruɓe, ba abin da za mu ci."

Bai hana ni ba, ya dai juya fuskarsa bango. Inna ta ƙifta mini ido, ta karɓi yaron ta goya.

Na ci ɗamara, na jingina tsani na hau. Ban ji tsoro ba, domin na hau kanya da tsamiya tun ina yarinya. Na ture jinkar gefe, wani zafi ya bugi fuskata kamar an buɗe tukunya. Dammunan sama sun yi baƙi, wasu har sun fara tsiro, farin saiwa ya kama juna. Na yi bisimilla na dira ciki. Na yi ta ɗagowa ina miƙa wa Inna, tana jerawa a tsakar gida. Tana karɓa tana tsiya: "A hankali, sarkin noma, kada ki karye mijinki ya dawo ya ce mun cinye masa mata."

Allah Ya taimake mu aka yi rana. Muka kwance dammunan, muka baza zangarniya a kan tabarmi da zannuwa, har da asabarin ƙofa. Wadda ta yi baƙi muka ware, wadda ta yi tsiro muka ce a yi kunu da ita. Na ƙasa ba abin da ya same su. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan danga, ta ga ƙaiƙayi a kaina, ta ce, "Ke, daga ina haka?" Inna ta ce, "Daga Makka. Je ki duba tuwonki."

Da la'asar Baba ya sa aka fito da shi bakin ƙofa. Ya daɗe yana kallon shanyar. Sai ya kira ni, na durƙusa nesa kaɗan.

"Kin ga gindinsa?"

"Na gani, Baba."

"Zai kai mu?"

Na san abin da yake so ya ji, amma gaskiya na faɗa masa. Na ce, "In muka ci yadda muka saba, ba zai kai ba. In aka bar tuwo sai na dare, rana a yi kwaɗon tafasa da rama, zai kai mu gero ya nuna."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "To, ke za ki riƙa aunawa. Amma kada a ji a rijiya."

Ba a ji ba. Washegari na samo shuci, ni da Inna muka ɗaure jinkar yadda muka iya. Ba ta yi kyan gani ba, amma ba ta ƙara ɗiga ba. Tun daga ranar ni ce mai hawa, ni ce mai cewa yau ga abin da za a sussuka. Baba yakan yi mita a kan kwaɗo, ya ce mun mai da shi tunkiya, amma yana cinyewa. Sauran dami ɗaya a gindin rumbun muka karyo geron fari a gonar bayan gida, na yi wa Baba tumu, ya ci da 'yan haƙoransa, ya ce a ƙaro.