Faten Waken da Baba Ya Ci a Wurin Gini

Mahaifina birkila ne. A shekarun da ake ta kwaso ma'aikatun gwamnati daga Legas zuwa sabon babban birnin ƙasa, kullum da sassafe yakan bar Karu a bayan tifa, ya shiga gari inda ake gina ofisoshi. Ko sigari ba ya sha, goro kaɗai ne abinsa.

Wata Laraba aka kawo mana shi ranga-ranga, ƙugu a karye. Daga hawa na biyu ya faɗo. Ogansu ya ce a buge yake, wai idonsa ya yi jawur, yana ta dariya shi kaɗai kafin ya faɗo. Magana ta zaga unguwa, masu zuwa dubiya suka ragu.

Bayan wata biyu wani abokin aikinsa, mutumin Kwali, ya zo ya durƙusa gaban Inna. Ya ce a ranar, shi da wasu ma'aikata ne suka dafa faten wake da manja, suka zuba ganyen wiwi a ciki. Baba ya zo wucewa, suka yi masa bismilla, ba su faɗa masa ba.

"Mun zuba masa ido, Mama, ba abin da ya same shi. Har ƙari ya yi. Muka ɗauka ba ta kama shi."

Daga kan katifarsa Baba ya ce, "Ai lafiya lau na hau. Sai da na jera bulo layi uku ƙasa ta fara juyawa."

Mutane ba su yarda ba. Ni ma, 'yarsa ta fari, na yi shakka. Yaya abin da aka ci kafin rana ta take zai ka da mutum bayan azahar? Na taɓa tambayarsa haka, ya dube ni kawai, ya juya fuska bango. Bai sake tafiya da ƙafarsa ba har ya rasu.

Bayan shekaru, ina karatun haɗa magunguna, malamarmu ta zo kan wiwi. Ta ce sinadarinta ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa. Na hayaƙi kan shiga jini ta huhu cikin 'yan mintoci. Wanda aka ci kuwa sai ya bi hanji a hankali, ya ratsa hanta, ita kuma ta mayar da shi wani sinadari mai ƙarfin gaske. Mutum kan yi awa biyu bai ji komai ba.

Na kasa rubuta ko kalma ɗaya. Da aka tashi na hau mota zuwa Jikwoyi, inda Inna ta koma wurin ƙanwarta. Na zayyana mata komai, har da zane a takarda.

Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ni dama ban taɓa ƙaryata shi ba."

Na zauna gefenta ina kuka, ta ƙyale ni na yi.