Marken Sallau Talatin da Ɗaya

"Muddin ina numfashi, gatari ba zai taɓa marken Sallau ba." Haka Alkasum, Sarkin Fawan unguwarmu, ya faɗa a zauren gidanmu, hannunsa bisa ƙirji, ranar da aka kai ka makwanci, Yaya Sallau. Ta bayan zana na ji shi da kunnena. Yau kwana goma, Alkasum yana numfashi lafiya lau, marke tara kuma suna kwance a ƙasa.

Yaya Sallau, Allah ya karɓi ranka ranar Talata, 12 ga Maris 1974, bayan azahar, a nan Birnin Ƙonni, bayan tarin da ya ci ka wata huɗu. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Na so in rubuta maka ta'aziyya cikin natsuwa, amma tun jiya na kasa zama wuri ɗaya.

Shekara talatin kana kawo wa mahautan garin nan itacen gashi, ba ka taɓa ɗora gatari kan icce mai rai ba. Kana buga gindin da bayan gatari, ka kasa kunne. In ya amsa da ƙara, ya bushe, naka ne. In ya yi gum, ka ja jakinka ka yi gaba, ko da za ka kai Alela. Marke don tsire, saboda garwashinsa ba ya gaggawa. Kirya don banda, naman da ake kyafewa ya yi watanni. Tumfafiya kuwa ko kusa da tukuba ba ka yarda a kawo ta.

Na tuna ranar sunan ɗiyata, da aka miƙo maka tsinken tsire. Ka tauna sau ɗaya, ka tofar.

"Wanga da ɗanyen kalgo anka gasa shi," ka ce.

Mai gashin ya rantse ba haka ba ne. Ka tashi, ka tone tokar da ƙafa, ka ɗago guntun yana tsiyayar ruwa. "To rantse ma wanga," ka ce masa. Aka yi ta dariya, amma kafin la'asar ka sauke masa kayan marke busasshe, don kada ya ji kunya gaban baƙi.

A kwarin da ke bayan Tsarnawa, inda tsohonmu ya bar mana fili, ka raini marke arba'in tun suna tsiro. Shekarun farin nan, da rijiyoyi suka ja baya, tulu biyu kake ɗora wa jaki ka kai musu. Na yi maka faɗa. Na ce tsoho da tari yana shayar da itacen da ba zai ci moriyarsu ba. Ka ce, "Kubura, ke kina koyar da ɗiyan mutane a lakwal, su za su ciyar da ke?" Ka ja jakinka ka nufi kwarin.

Na san halin da ake ciki. Shanu suna faɗuwa, makiyaya suna yankawa kafin su mutu, kowane mahauci yana neman wutar banda. Ban ce kada a kyafe nama ba. Amma ɗanyen marke ba ya kyafe komai, baƙin hayaƙi yake yi, naman ya yi tsami, cikinsa ya ruɓe. Alkasum ya san haka, daga bakinka ya koya. Ragwanci ne kawai: kwarin yana kusa, daji yana nesa.

Abin da bai sani ba shi ne, makonninka na ƙarshe ba a banza muka yi su ba. Kana kwance kana faɗa, ina rubutawa cikin kaye, littafin rubutun 'yan makaranta: kowane wuri da matattun itatuwa suke tsaye, daga Dogarawa har gangaren Alela, da hanyar da jaki zai bi. Shafi goma sha bakwai. Ka ce in ba Alkasum, don abokinka ne tun kuna samari. Yana nan cikin akwatina.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya yalwata kabarinka, ya sa kowane tulu da ka ɗauka ya zame maka inuwa ranar da babu inuwa. Allah ya ba Barira matarka da 'ya'yanka haƙurin rashi, ya ba mu mu ma.

Saura kai, Sarkin Fawa. Marke talatin da ɗaya suka rage, na ƙirga su jiya da hannuna. Na ba ka zuwa Juma'a, 29 ga wata. Ka janye mutanenka daga kwarin, ka zo zauren da ka yi rantsuwa ka faɗi haka gaban waɗanda suka ji ta farko, in miƙa maka kayen. In Juma'a ta wuce, Asabar da safe zan kai shi Tsarnawa in danƙa wa Yari, wanda ka fi ƙi a duk mahautan ƙasar nan. Daga can zan wuce kwarin da tabarmata, in shimfiɗa ta a gindin babban marken. Mai gatarin da za ka aiko, ka zaɓo wanda ban koya wa karatu ba.

Kubura Labbo
Birnin Ƙonni